Ranar da Yaya Ya Kayar da Kansa

Yayana lauya ne, kuma tun da ya fara shiga kotu ba a taɓa kayar da shi ba. Mun ji wannan labari har ya ishe mu. Ran nan a taron unguwa baki ya ɗebe shi, ya ce duk mai rigima a layinmu zai tsaya masa kyauta.

Washegari sai ga Mai Aski. Shago ɗaya suke rabawa da Gwaggo Tela, ƙanwar babanmu, kuma dokar kwamitin unguwa ita ce wanda ya daina sana'a ya bar wurin. Ya ce Gwaggo ta daina ɗinki, zaman dumama kujera kawai take. Yaya ya karɓa. Da la'asar Gwaggo ta zo, ita ma ya karɓa. Na tambaye shi ko kansa ɗaya kuwa. Ya ce kowa ya yi wa alkawari, bai ware kowa ba.

A ajin firamare aka zauna, Shugaban kwamiti a teburin malami. Yaya ya sha baƙar rigar lauya, wadda Gwaggo ta ɗinka masa da hannunta. In yana bakin taga, na Mai Aski ne. In ya ruga bakin ƙofa, na Gwaggo ne. Wallahi sai ya fara magana a taga, ya katse kansa daga ƙofa, ya koma ya harari inda ya baro. Har hutu ya nema don lauyoyi su sasanta. Muna jin ihunsa a baranda shi kaɗai, ya dawo yana huci, wai wancan mutumin taurin kai gare shi. Mutane har da riƙe ciki, Gwaggo ma tana dariya.

Can sai na taga ya zaro allura da zare daga aljihu, ya ce Gwaggo ta zura. Shi ya kai ta wajen likitan ido, ya san abin da aka ce. Ya kwasa da gudu zuwa ƙofa don ya hana, rigar ta maƙale a benci ta yage, Shugaba ya ce ya makara.

Gwaggo ta lashi zaren, ta ɗaga allurar wajen haske. Ta gwada, ta sake gwadawa. Zaren bai shiga ba. Aka ba Mai Aski shago.

Ban taɓa jin haushin mutum kamar ranar ba. Yaya yana tsaye tsakanin taga da ƙofa, ya rasa inda zai nufa. Gwaggo ta lalubo gefen rigarsa.

“Ka yaga ta, ɗan nan. Cire in kama maka.”

Ya cire. Ta miƙa masa allurar.

“Zura min.”