Kunyar Suruka a Hanyar Toukra

A watan Afrilun 1999, lokacin da zafin N'Djamena ke sa kwalta ta yi laushi, ƙafafun Abdulnasir suka fara yi masa gardama. Tela ne a unguwar Abena, amma an fi saninsa da tseren keke fiye da ɗinki. Saura mako uku a yi gwajin zaɓen mutum shida da za a tura gasa Kamaru, kuma kwana biyu a jere ake gwajin. Shekararsa talatin da ɗaya. Ya san in wannan ta wuce shi, to ta wuce ke nan.

Abin haushin, yau sai ya bi hanyar kudu kamar an koro shi, gobe kuwa cinyoyin su yi nauyi kamar an ɗaura masa turmi, kai na sarawa, 'yan shekara ashirin na wuce shi suna waige. Malam Zubair, tsohon ɗan tseren da ke horar da su, ya gaji da kallo ya ja shi gefe.

"In ka sauka daga keke me kake ci?"

"Da magariba nakan ci burodi da shayi."

"Na ce in ka sauka. Ƙarfe goma kuke gamawa."

Abdulnasir ya sunkuyar da kai yana wasa da burki. Maganar ita ce, matarsa Hamdiyya ta haifi 'yarsu ta fari, ta tafi wankan jego gidan uwarta a Toukra, kuma hanyar atisayen ta nan ta bi. Kullum in sun juyo sai ya ratse, wai gaisuwa. Ya zauna kan tabarma har la'asar yana satar kallon jaririyar, yana yi kamar ba ita ta kawo shi ba. Surukarsa Inna Shatu ba ta da rowa, ta kawo ruwa, ta kawo kunun gyaɗa. Amma ina aka taɓa jin ɗan mutunci ya buɗe baki ya ci a gaban surukarsa? Ruwan ma leɓe kawai yake jiƙawa ya ce alhamdulillahi. Mutumin da ya tuƙa kilomita casa'in a rana, sai ga shi yana azumin da ba wanda ya ɗora masa, ba kuma lada.

Malam Zubair bai yi dariya ba, don shi ma yana da suruka. Ya ce, "Naman da ka gajiyar a hanya, cikin awar farko yake neman abin gyara. Laban, nonon nan mai kauri, da ƙwai biyu da dabino. Ruwa kuma kaɗan-kaɗan, da ɗan gishiri da sukari, har ka ga fitsarinka ya washe. In ka bari sai magariba, kalas, shi ke nan, gobe ba ka da ƙafa."

"A gaban Inna, Malam?"

"To ka daina tsayawa Toukra."

Wannan kam ba zai iya ba. Washegari ya raɗa wa Hamdiyya zancen, ya roƙe ta kada ta faɗa wa kowa. Ya manta labule ne kawai tsakanin ɗakin jegon da inda Inna ke tsince shinkafa.

Da ya zo rana ta gaba, ko gama jingine keken bai yi ba Inna ta fito da mayafi a kafaɗa. Ta amsa gaisuwarsa fuskarta a gefe, ta ɗaga murya ta ce, "Hamdiyya, zan leƙa gidan Zaliha, kada ki jira ni." Kusa da tabarmar akwai kwanon laban a rufe, da dafaffen ƙwai, da dabino, da butar ruwa naɗe cikin jiƙaƙƙen buhu. Ya duba hagu, ya duba dama, ya hau ci ba ko sassautawa. Hamdiyya ta yi dariya har jaririyar ta farka.

Haka aka ci gaba. Yau barka, gobe dubiya, jibi ta'aziyya, har ya fara mamakin yawan jama'ar Inna. Cikin kwana goma ciwon kan ya tafi. Yakan tashi da safe ya ji ƙafafun nasa ne, kuma waigen da ake yi masa a hanya ya ragu.

Ana gobe gwaji ya gama ci da wuri, ya bi ta bayan gidan don ya yanke hanya. Nan ya gan ta. Inna Shatu na zaune kan bulo a gindin katanga, inuwar ko gwiwarta ba ta rufe ba, tana matsa ƙafarta mai ciwo, tana jiran ya gama. Ashe ba gidan kowa take zuwa ba. Ya ja keken baya a hankali don kada ta ji. Kunya ta kama shi wadda ta fi ta farkon, tare da wani irin tausayi.

Ranar farko ta gwajin ya zo na bakwai. Rana ta biyu, a inda ya saba karaya, ƙafafun suka amsa. Ya wuce mutum biyu da suka sha gabansa jiya, bakinsu ya bushe fari. Da aka haɗa lokaci, Malam Zubair ya kira sunansa a na biyar.

Bai tsaya shan hannu ba, ya miƙe Toukra. Yana sallama Inna ta yunƙura tana laluben mayafi.

"Inna, don Allah ki zauna. Rana ta yi zafi."

Ta tsaya cak. Ya durƙusa ya ɗauki kwanon da hannu biyu, ya juya ya fuskanci bango, ya kafa kai. Ita ma ta koma ta zauna, ta mai da fuskarta wajen murhu.

Can ta ce, "Hamdiyya, tambaye shi na nawa ya zo."

"Na biyar, Inna. An ɗauke ni."

Ta goge ido da bakin zane. "To ki ce masa ya shanye. Akwai ƙari."