Ragon Teku

Aikin Dakta da mijinta iri ɗaya ne, amma sun raba shi biyu. Shi yake shiga kwale-kwale ya ɗebo ruwan teku a kwalabe, ita kuma ta tace ruwan a ɗakin gwaji. Duk dabbar da ta ratsa wuri sai ta bar ɗan ɓurɓushin fata ko majina, kuma daga ƙwayoyin halitta (DNA) na wannan ɓurɓushi Dakta take gane ko dolfin, dabbar tekun nan mai kama da babban kifi, ne ya wuce ko ayu, ba sai an gan su da ido ba.

Tun da likita ya hana mijin cin jan nama saboda hawan jini, ya zama abin tausayi a gida. Ganye yake ci yana sauke ajiyar zuciya. Abin da ya ɗaure wa Dakta kai shi ne, kullum ya dawo daga teku fuskarsa sai sheƙi take yi.

Wata rana ta same shi a ofis yana goge tabarau.

"Baban yara, albishirinka. Mun yi suna a duniya."

"Ayu muka samu?"

"Wane ayu! Rago. A tsakiyar teku, inda ko tsuntsu ba ya sauka. Kuma a kowace kwalba."

Ya daina goge tabarau.

"To... ai rago yana iyo."

"Haka na ce. Amma wannan jarumi ne, duk inda kwale-kwalenka ya tsaya yana biye da kai. Zan kira 'yan jarida. Da Mama ma, ta zo ta ji abin da ɗanta ya gano."

Jin an ambaci mahaifiyarsa, sai ya miƙe tsaye.

"Haba Dakta, me ya kawo tsohuwa cikin harkar kimiyya?"

A hankali zance ya fito. Akwai mai gasa naman rago a bakin tashar jiragen ruwa. Mijin yakan sayi ƙulli guda, ya ci a kan hanya, ya ɗauraye hannu a teku, sannan ya tsoma kwalba a daidai wurin, ko safar hannu babu.

"Ka ɓata mana aikin wata guda," in ji ta. "Za a sake ɗiba, kuma ƙafata ƙafarka."

Dakta ba ta taɓa hawa kwale-kwale ba. Da suka tashi tana zaune a gaba kamar shugabar ƙasa, tana ba da umarni. Suna barin gaɓa igiyar ruwa ta fara jijjiga su, umarni ya ragu, ya koma salati. Can sai ga ta ta rungume gefen kwale-kwale tana kelaya amai.

Mijin ya matso da kwalba a hannu, fuska ba alamar dariya.

"Sannu Dakta. Amma don Allah ki ɗan tausaya wa ruwan, a nan zan ɗiba. Kada gobe mu gano mace a teku."

Ta ɗago kai za ta rama, wani aman ya taso.

A daidai lokacin dolfin suka ɓullo ta ɗaya gefen, uwa da ɗanta da wasu a baya, suna tsalle suna feshin ruwa. Direban kwale-kwale ya kashe inji.

"Dakta, ga mutanenki!" in ji mijin.

"Ku gaishe su," ta ce, ba ta ko waiwaya ba.