Karatun Abdulsalami, Sunan Maikuɗi

Malam Zakka ya zura farar takarda cikin tafiretarsa, ya murɗa ta sama, sannan ya dubi mutumin da ke zaune a bencin gabansa. Ranar Laraba ce da hantsi, tashar motar Birnin Kudu ta cika maƙil, 'yan kamasho sai kiran Kano suke yi kamar maƙogwaronsu zai tsage. Shekara tara ke nan Zakka yana zama a gindin wata dalbejiya a tashar yana buga wa mutane wasiƙu da takardun neman aiki. Tun da kuɗin man fetur ya fara shigowa ƙasa, kowa ya ƙwallafa rai a kan albashi, bencin nasa ba ya yin sanyi.

"Ba wasiƙar roƙo za mu rubuta ba, ka ji ko?" in ji Zakka. "Mutanen kamfanin nan masu shimfiɗa kwalta ba ruwansu da 'ina durƙushe ina neman taimako'. Tarihinka suke so a shafi ɗaya tak. Sunanka, inda ka yi karatu, aikin da ka taɓa yi, sai mutum biyu da za su tsaya maka. Wane aiki suka ce?"

"Malamin sito," in ji Abdulsalami. "Ranar Litinin za su rufe karɓa."

"To, me ka taɓa yi?"

Abdulsalami ya sunkuyar da kai yana murza bakin rigarsa. "Na ɗan taɓa riƙe sikelin gyaɗa a wajenmu, ƙasar Gwaram."

"Ɗan taɓa! Kaka nawa?"

"Shida."

"Kai, Hausawa, kunyarku za ta kashe ku da yunwa! Kaka shida ne ɗan taɓa? An taɓa kama ka da kuskuren awo?"

"Ko sau ɗaya."

"To shi za mu rubuta. A takarda ba a kawaici, ɗan'uwa. Abin da ka iya, faɗe shi ƙarara, ka sa shekara, ka sa wuri. Ƙarya ce kawai ba a sawa."

Haka Zakka ya yi ta tatsar sa kamar mai tatsar saniya mai gardama. Da ƙyar ya fitar masa da cewa ya shekara biyu yana koyar da ajin yaƙi da jahilci, ya kuma iya Turancin da zai karanta takardar kaya ya ba da amsa. Tafireta na ta ƙwas-ƙwas, Abdulsalami yana kallon layuka suna jeruwa, har ya ji wani abu mai daɗi yana taso masa a ƙirji. Ashe shi ma ya yi wani abu a duniya. Shekarun fari sun cinye musu rumbu, bana kuma ciwo ya kashe gyaɗa tun tana gona, sikeli ya tashi. Ga mahaifiyarsa, ga matarsa Kulu da goyo. Wannan aikin shi ne kaɗai ƙofar da ya hango.

"Kawo satifiket in ɗauki shekara," in ji Zakka.

Abdulsalami ya warware wani tsumma, ya miƙa masa. Zakka ya gyara tabarau, ya karanta, ya sake karantawa.

"Wane ne Maikuɗi Ɗanbala?"

"Ni ne. Wato... ba ni ba ne. Amma ni na yi karatun."

Zakka ya janye hannuwansa daga kan tafireta.

* * *

Abin ba baƙo ba ne, sai dai ba a cika faɗinsa ba. Shekarar da aka samu mulkin kai, aka aiko wa kowane dagaci ya kawo yara makarantar boko, aka kuma ce ya fara da ɗan cikinsa don talakawa su gani. Alhaji Ɗanbala, dagacin Kafin Marke, ya ce ya ji ya karɓa, har aka rubuta sunan ɗansa Maikuɗi. Amma a ransa ya rantse ɗansa ba zai je inda za a lalata masa tarbiyya ba. Sai ya sa aka kira Salihu, baransa mai yi masa noma, ya ce ya kawo yaronsa. Wa ya isa ya ce a'a? Aka yi wa Abdulsalami aski, aka ɗinka masa riga, aka ja kunnensa: daga yau in an kira Maikuɗi, kai ne.

Shekara bakwai yana amsa sunan da ba nasa ba. Da sunan ya sha bulala, da shi ya zo na ɗaya a lissafi. Shi kuwa Maikuɗi na gaskiya yana gida yana kiwon tattabaru. A lokacin har tausayin Salihu ake yi, ana cewa an sadaukar da ɗansa. Salihu ya rasu bai ga ranar da takardar nan za ta zama abin nema ba.

"Da sauran gyara," in ji Zakka bayan ya gama ji. "Ka je dagacin ya ba ka wasiƙa cewa Abdulsalami da Maikuɗin takardar nan mutum ɗaya ne. Da ita za ka yi rantsuwa a kotu, mu liƙa a baya. Ai shi ya ƙulla, shi zai kwance."

* * *

Washegari bayan la'asar Abdulsalami ya cire takalmansa a ƙofar zauren dagaci, ya durƙusa. Alhaji Ɗanbala ya tsufa, amma idonsa na nan tar. A gefensa Maikuɗi ne zaune, ya yi ƙiba, yana sauraron rediyo.

"Ranka ya daɗe, alfarma na zo nema."

Ya yi bayani tiryan-tiryan. Dagaci yana gyaɗa kai, har da murmushi. Da aka zo kan albashi da gidan kwano da kamfani ke ba malamin sito, sai ya ɗaga hannu aka rage muryar rediyo.

"Mu ga takardar."

Abdulsalami ya miƙa da hannu biyu. Tsohon bai iya karatun boko ba, amma ya daɗe yana shafa hatimin da babban yatsansa.

"Sunan wa ke jiki?"

"Na Maikuɗi, ranka ya daɗe."

"Madalla. To in na rubuta cewa kai ne Maikuɗi, me na gaya wa hukuma ke nan? Na ce mata shekara goma sha biyar da suka wuce na yi mata ƙarya? So kake a tuɓe ni da tsufana?"

Abdulsalami ya yi saurin tarar numfashinsa. "Ba haka nake nufi ba..."

"Na sani, ai kai ɗa ne." Dagaci ya ɗaga gefen buzun da yake zaune a kai, ya tura takardar ƙarƙashi. "Ga yadda za a yi. Akwai yaronmu a kamfanin, zan yi masa magana. Ɗan'uwanka zai nemi aikin, tunda sunansa ne. Kai kuma a ɗauke ka lebura a siton, kana kusa da shi, in rubutu ya taso ka taimaka masa. Kowa ya samu. Gobe ku tafi tare wurin mai buga takardar, duk abin da ka faɗa masa a mayar da shi kan sunan da ya dace."

Ka ji fa! Wai kowa ya samu. Maikuɗi bai ko ɗago kai ba, ya mayar da muryar rediyonsa.

Abdulsalami ya buɗe baki, sai tsohon ya riga shi, cikin taushin murya. "Af, ya jikin mahaifiyarka Mero? Ka gaishe ta. Ka ce mata gonar nan ta bakin rafi da na ara wa marigayi, mutane sun dame ni a kanta, amma na ce musu a'a, iyalin Salihu nawa ne."

* * *

Ya tarar da mahaifiyarsa tana tankaɗe a tsakar gida, Kulu na jijjiga yarinya. Ya zauna a kan turmi ya faɗa musu komai.

Kulu ce ta fara fashewa. "Wallahi Malam ba za ta saɓu ba! Kai ka sha dukan, wani ya ci albashin? Ka kai ƙara wurin hakimi!"

"Da wace shaida? Takardar tana ƙarƙashin buzunsa. Ko tana hannuna ma, sunan ɗansa ne a jiki. Malaman da suka koyar da ni, in an tambaye su, Maikuɗi suka sani."

"To mu tashi mu bar garin!"

"Mu tafi ina, Kulu? Da me?"

Inna Mero ba ta daina tankaɗe ba. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, kasancewarsa ɗan fari, yau ma ba ta dube shi ba. "Ranar da suka zo ɗaukar ka, a bayan rumbu na ɓoye ka," in ji ta. "Ubanka ya zo ya janye ka yana hawaye. Ya ce in mun hana, a ina za mu yi shuka? Yau ma tambayar ke nan. Ni ba zan ce ka yi ba, ba zan ce ka bari ba."

Abdulsalami ya dubi garin da ke cikin ƙwaryar. Na dawar gonar bakin rafi ne, ba su da wata. Ya ji kamar an ɗaure shi da igiya tun yana ɗan shekara bakwai, sai yau aka ja ta.

* * *

Da Zakka ya ga su biyu sun sauko daga mota, ya kuma ji abin da ke tafe da su, sai ya rufe tafiretarsa da ƙyalle.

"Ba da ni ba. Na ce maka ƙarya ce kawai ba a sawa."

Maikuɗi ya yi tsaki ya tafi sayen tsire. Abdulsalami ya matso, ya rage murya. "Malam Zakka, don Allah. In ba ka buga ba, wani zai buga, ni kuma a ce na ɓata lamari. Uwata ce za ta rasa gona."

Zakka ya cire tabarau ya goge. Daga baya ya yaye ƙyallen, ya zura sabuwar takarda. Bai sake yin wasa ba, bai kuma yi tambaya ba. Shafin shekaranjiya ya ajiye a gefe yana kwafa: kaka shida a kan sikeli ba kuskure, shekara biyu a ajin yaƙi da jahilci, Turanci da lissafi. Layin farko kaɗai ya sauya. Takarda ta yi kyau ƙwarai, duk wanda ya karanta ta zai so ya ga mai ita.

* * *

Bayan mako uku aka kira sababbin ma'aikata a sansanin kamfani. Maikuɗi ya sha farar shadda, aka shiga da shi ofis, aka ba shi kujera da makullan sito. Leburori kuwa aka jera su a rana, wani akawu yana zaune a inuwa da babban littafi yana ɗaukar sunaye. Tun kafin su hau mota dagaci ya aiko a gaya wa Abdulsalami ya kama bakinsa, kada ya nuna ya san boko a gaban manya, don kar a fara tambaye-tambaye.

Layi ya zo kansa.

"Suna?"

"Abdulsalami Salihu."

Akawun ya rubuta. Wannan ne karo na farko da sunansa ya shiga littafin wata ma'aikata, ya kuwa bi shi da ido har aka kai ƙarshe.

"Ka yi makaranta?"

Ta tagar ofis yana hango Maikuɗi ya riƙe wata takardar kaya yana jujjuya ta, yana waige-waige, shi yake nema.

"Da kai nake, malam. Ka yi makaranta?"

"Ban yi ba."

Akawun ya mayar da alƙalaminsa aljihu, ya turo masa ɗan kwalin tawada. Ya kama babban yatsan Abdulsalami kamar na ƙaramin yaro, ya danna a tawadar, ya danna a littafin.

"Na gaba!"

Abdulsalami ya nufi sito yana goga yatsan a jikin wandonsa. Shuɗin bai fita ba, sai ma ya ɓata wandon. Daga ciki ya ji muryar Maikuɗi tana kiran lebura ya zo da sauri.