Saƙon Malamar Aji Biyu

Malamar aji biyu ta daina ba yara takarda su kai gida, don ta san a gindin jaka take ruɓewa. Da ranar zuwa gidan namun daji ta matso, sai ta mayar da saƙon waƙa: ranar Laraba, hula, gorar ruwa, babba ya rako.

Hedimasta ya taɓe baki. "Malama, wannan ai wasa ne."

"Ranka ya daɗe, mu dai jira Larabar."

Ranar Laraba Malama ta ƙirga huluna arba'in cif a gaban bas, daidai da yawan 'yan ajinta. Wani uba ya miƙo mata hannun 'yarsa.

"Ga ta, Malama, na rako. Don Allah ki sa su daina waƙar nan. Jiya a gaban maigidana na rera ta."