Yoyon Taraktar Shef Kalilu

Duk Arlit an san Kalilu da abu guda: injin da ya taɓa ba ya ɗigar da mai. Tun yana makaniken kampani, in ya gama gyara sai ya shimfiɗa farin ƙyalle ƙarƙashin mota, ya kira mai ita ya zo ya gani da idonsa. Da kasuwar uraniyum ta faɗi aka sallame su, wasu suka koma Tawa, wasu suka shige hamada. Shi bai fito da komai ba sai sunansa na Shef, wato oga, da wata 'yar tarakta da aka yar a bolar ƙarafa. Ya tashe ta, ya kama garka a bayan gari, ya shiga noman salati da tumatir.

To, wannan taraktar ce ta tashi tona masa asiri. Zoben robar nan da makanikai ke kira juwan, mai tare mai a inda sanda ke fitowa daga bwat, wato akwatin giyar inji, zuwa taya, shi ne ya cinye. A shekarun nan na tawaye ba mai barin ƙarfe ya kwana a garka, don haka kullum da safe sai ya hau ta ya fita, da yamma ya dawo. Duk inda ta bi sai ta bar ɗigo baƙi ƙirin a kan rairayi, tun daga ƙofar gidansa har bakin rijiya. In ya waiga ya ga layin nan sai ransa ya ɓaci, don gani yake sunansa ne ke tsiyayewa.

Ya gwada fatar da baduku ya yanka masa, ya gwada robar cikin taya, duk a banza. Sabon juwan sai Agadas, hanyar kuwa ba a binta sai da rakiyar soja. Ya ba wani direba, Ahmudu, ma'aunin zoben ya tafi da shi, ya zauna jira har tumatir ya yi fure.

Abin da ke sanyaya masa rai shi ne girman da mutane suka soma ba shi. Tun ranar da amalanken wani ya taka nakiya a hanyar garake, kowace safiya zai tarar da jama'a tsaye a bakin gari: masu garka, da makiyayan da fari ya mayar 'yan ƙodago. Ba mai ɗaga ƙafa sai ya iso. "Bisimilla, Shef, babba shi ka gaba," in ji su. Shi kuma ya ɗaga hannu ya wuce, yana jin kansa.

"Kin gani ko?" ya ce wa matarsa Zinatu. "Ko an sallami mutum, girma na nan inda shike."

"Haka ne, Maigida," ta ce, ta ci gaba da tsince shinkafarta.

Ranar da Ahmudu ya kawo juwan, Kalilu ko abinci bai nema ba. Ya ɗage tarakta bisa duwatsu, ya cire taya, ya tsiyaye man a tasa. Ya sa bakin ƙarfe ya ɓanɓaro tsohon zoben, wanda ya bushe kamar ganda, ya wurga shi bayan katanga da tsaki. Ya wanke ramin da fetur har ba ƙwayar rairayi ko ɗaya, ya shafa wa sabon mai a leɓe, ya ɗora guntun bututu a kansa yana bugawa a hankali har ya zauna daram. Sannan ya ɗauko farin ƙyallen nan nasa na zamanin kampani ya shimfiɗa, ya tada inji, ya aika a kira maƙwabta.

Ƙyalle ya fito fari tas. Maƙwabta suka tsaya cirko-cirko kamar an zo ta'aziyya. Illi, Buzun da garkarsa ke jikin ta Kalilu, ya gyara rawaninsa ya ce, "Allah ya sa alheri." Kalilu ya ce a ransa hassada ce, ita kuwa ga mai rabo taki ce.

Washegari ya wuce gaba kamar kullum, 'yan safiya suka bi sawunsa. Da hantsi iska ta taso ta share sawun taya, kamar yadda ta saba. Rana ta take, matan da ke zuwa sarin salati ba ko ɗaya. Zinatu ma, da ba ta taɓa makara da abinci ba, shiru. Ya leƙa ta kan shinge ya tambayi Illi ko wani abu ya faru a gari.

"Ba abin da ya faru, Shef. Tarakta naka ya daina rubutu, shi ke nan."

"Wane irin rubutu?"

"Mai. Inda ka bi ka fito da rai, nan mutane yana bi. Sawu iska yana ɗauka, mai ba ya ɗauka. Na jiya kuma ba ya aiki, dare ɗaya ya isa a binne abu. Ɗanye na yau ake nema."

Kalilu ya tsaya da galma a hannu. Ashe duk girman nan, shi ake turawa ya gwada hanya, kamar yadda ake jefa guga a ji zurfin rijiya. Ya ji kunya, ya ji haushi, har ya buɗe baki zai zagi garin da mutanensa. Sai ya hango Zinatu can nesa, kwano a ka, tana tafe a sunkuye. Ta ɗaga ƙafa, ta duba, ta ajiye. Ba layin da za ta bi, amma ta taho.

Da ta iso ta sauke kwanon. "Tuwon ya huce," ta ce. Kalilu ya kasa ci.

Sabon juwan dai yana nan, Kalilu bai taɓa shi ba, don shi ba mai ɓata aikin hannunsa ba ne. Da yamma ya nemo gwangwanin tumatir ya huda gindinsa da ƙusa, ya ɗaure shi da waya a bayan tarakta, ya cika shi da baƙin mai. Ya gwada ramin sau da yawa har ɗigon ya yi daidai da na da.

Har yanzu, in ya iso bakin gari da safe, yakan tsaya ya nuna wa mutane bwat ɗin. "Ku duba da kyau, busasshe ne. Gwangwani ne ka yoyo, ba tarakta ba."

"Haka ne, Shef," in ji su. "Bisimilla, babba shi ka gaba."

Ba wanda ya taɓa duba bwat ɗin. Duk ƙasa suke kallo.