Ƙwaryar Man Kaɗen Mma Sa'adiya

Kowa a East Greensboro ya san shagon Hajiya Lariba, ko don ƙamshin da ke tarar mutum tun daga bakin ƙofa. Kitso take yi, tana kuma sayar da man kaɗen da mahaifiyarta, Mma Sa'adiya, ke aiko mata daga Tamale duk sanda aka samu mai tahowa. Masu saye kan ce man yana warin hayaki. Lariba ta tsani kalmar nan. Ƙamshi ne, in ji ta, na itacen da Mma ke soya ƙwarar kaɗanya da shi, kuma duk wadda ba ta gane ba, hancinta ne ke da ciwo.

Da daminar 1995 Mma ta rasu, Lariba ba ta samu zuwa ba saboda matsalar takardu. Bayan sadakar arba'in sai ga ƙwarya guda an aiko, rufe da faifai, ɗaure da tsumma. Bugun ƙarshe ne da tsohuwar ta yi da hannunta, har shatin yatsunta yana nan a saman man. Lariba ba ta sayar ba, ba ta shafa ba. Kabad ta kai shi, in kewa ta ishe ta ta buɗe ta shaƙa, ta yi kukanta ta rufe.

Ana nan sai 'yarta Suhaila, mai karatun kemistiri a jami'a, ta shigo da zance. Kawun wata ƙawarta 'yar Koriya yana da ƙaramin kamfanin kayan shafa a Seoul, yana neman sabon abu daga waje, kuma ba a shiga kasuwarsu sai da ɗan gari.

"Mama, matan can ba sa wasa da fatarsu," in ji ta. "In muka shiga, matan Tamale sun samu kasuwa. Kuma sunan Kaka za a sa a jikin kowace kwalba."

Nan fa ta kama uwar. Mma da ko sunanta ba ta iya rubutawa ba, a ce ana karanta shi a Koriya? Lariba ta ce a kawo mutumin.

Kawun, Mista Yun, ya zo, dattijo mai ladabi kamar me. Ya ci waakye, dafa-dukar shinkafa da wake, da yajin shito har gumi ya jiƙa masa kwalar riga, yana ta godiya. Da aka gama ya nemi samfurin da za a gwada a can, don hukumarsu ba ta barin abin shafa ya shiga kanti sai an bincika. Man da ke shago a lokacin na wasu mata ne, Lariba kuwa ta raina shi. Ta ɗauko ƙwaryar Mma. Suhaila ta jawo cokali da 'yar roba.

"Ei, Suhaila! Cokali?" Lariba ta harare ta. "Mutum ya keto duniya ya ci abincina, ki tsakuro masa kamar mai ba jariri magani? Kada ki ba ni kunya."

A zangon Tamale inda Lariba ta tashi, baƙo ba a auna masa. Kai za ka ajiye abu dukansa a gabansa, shi kuma ya ɗan ɗiba ya turo maka sauran ya ce ya isa haka. Kowa ya fita kunyar kowa. To, wa ya gaya wa Mista Yun wannan? A wurinsu abin da aka miƙo maka da hannu biyu, da hannu biyu kake karɓa, mayarwa cin fuska ne. Ya miƙe tsaye, ya rusuna, ya karɓi ƙwaryar ya sa a jaka.

Lariba ta bi jakar da ido. Suhaila ta raɗa mata, "Mama, bari in yi masa bayani."

"Rufe min baki. Ni in yi kyauta in karɓe?"

Da murmushi ta raka shi har mota, ta dawo ta shige bayan labule. Ranar ba ta yi wa kowa kitso ba.

Bazara ta zagayo, Mista Yun ya dawo fuskarsa cike da fara'a. An ci gwaji, ya ce, kantuna sun yarda. Ya ciro wata kwalba mai kyau ya miƙa mata. Suhaila ce ke fassarawa, muryarta na ƙanƙancewa: matan can ba sa son wari ko launi a abin shafa, don haka an narkar da man duka, an tace, an sake tacewa, an wanke shi tas. Ƙwaryar kuma an jefar tun a ɗakin gwaji.

Lariba ta buɗe. Fari fat, sulɓi kamar man kanti. Ta kai hanci ta ja numfashi, ta sake ja har ƙirjinta ya yi zafi. Babu komai. Wallahi ko ranar da aka buga mata wayar rasuwar ba ta ji irin wannan maraicin ba, kuma babu wanda za ta tuhuma. Bawan Allahn nan yana tsaye yana jiran a yaba masa.

Ta ce, "An gode. Allah ya sa albarka."

"Mama," Suhaila ta ce a hankali, "yana tambaya yadda ake rubuta sunan Kaka, don a buga a jikin kwalaben."

Lariba ta mayar da murfin ta ajiye kwalbar a kan tebur.

"Ki ce masa a yi cinikin, matan Tamale na jira. Amma ya sa wani sunan. Uwata ba ta cikin nan."