Kwat ɗin Maigida

Gobe-da-safe muke kiran maigidanmu, kuma Allah Ya sani ba sharri muka yi masa ba. Ka ce masa, "Maigida, maganar albashin nan fa," sai ya dafa kafaɗarka kamar ya ga ɗan'uwan da ya daɗe a tafiya, ya ce, "Gobe da safe, in Allah Ya kai mu." Allah kuwa Ya yi ta kai mu, mu dai kuɗin ne ba mu gani ba.

Shagon wanki da guga ne, mai ƙofa ɗaya. Daga gaba akwai kanta inda ake karɓar kaya, a tsakiya injin wanki biyu, ɗaya yana aiki ɗaya yana tari, can ƙurya kuma teburina, a jikin tagar da ba ta buɗuwa. Ni ne mai guga. Dogo ne mai wanki, wani mutum mai saurin hannu da saurin baki. Maigida shi ke zama a kanta, saboda nan ne kuɗi ke shigowa.

Ina da hanyar aikina da ba kowa ya sani ba. Takardar da ake liƙa wa kaya takan jiƙe ta faɗi, daga nan sai rigima, wannan ya tafi da wandon wancan. Don haka duk kayan da suka shigo sai na sa musu alamar zare a cikin wuya ko a bakin ƙugu. Ja na likitan bayan layi ne, kore na matar mai kantin magani, baƙi mai ƙulli biyu na wani malamin makaranta da ba ya gaisuwa. Mai ɗakina ce ke ba ni ragowar zaren ɗinkinta, kuma ita ta koya mini ƙullin da ba ya warwarewa a ruwa. Kayan Maigida ne kawai ban taɓa sa wa zare ba. Turarensa kaɗai ya isa alama, ko a duhu ka san nasa ne.

Wannan zare ya zama abin tsokana a gidana. Masu guga dai an san mu da aron rigar mutane na yini ɗaya idan fita ta kama, a dawo a wanke a goge, ba wanda ya ji ba wanda ya gani. Duk ranar da na shigo gida da riga mai kyau, sai mai ɗakina ta zo ta bayana ta juya wuyan rigar. In ta ga zare ta ce, "Yau kuma likita ne ya zo mana? Sannu da zuwa, likita." Mu yi dariya, 'yan matanmu biyu su taya mu ba tare da sun san abin dariyar ba.

Albashi ya fara da jinkiri, ya koma rabi, daga baya ya zama kuɗin mota da ɗan abin da za a sa a baki. Dogo bai iya haƙuri ba. Wata rana ya jefar da bokiti a tsakar shago, ya faɗa wa Maigida abin da ke cikinsa har da na kakanninsa, ya fice. Maigida ko gezau. Ya juyo gare ni ya ce, "Ka gani ko? Wanda ya bar aiki da ƙafarsa ai ya bar hakkinsa. Amma kai naka yana nan a ajiye, kai ai ɗan gida ne."

Da wannan magana ya ɗaure ni. In na tafi, na yi asarar abin da ya taru. In na zauna, abin ya ƙaru, tafiyar ta ƙara wuya. Na haɗa aikin Dogo da nawa ina yi, ina ce wa kaina ai gara da ban yi gaggawa ba. Wauta ce, na sani, amma wauta ce irin ta wanda ke da iyali.

Mai gidan da muke haya ya fara zuwa da sallama, ya koma zuwa ba sallama. Ranar da ya tsaya a tsakar gida yana faɗa wa maƙwabta labarinmu, ranar ce mai ɗakina ta kira yayanta. Yaya ya zo da motar ɗaukar kaya. Mutum ne mai shagon kayan gini, ba ya ɗaga murya, kuma da ma tun farko bai ga abin da ƙanwarsa ta gani a mai guga ba. Ya ce, "Ba raba ku na zo yi ba. Su zauna wurina. Ranar da aka biya ka, ka biya haya, ka ajiye abinci, ka zo ka ɗauki matarka." Na ce, "To, Yaya." Me zan ce? Abincin da yarana suka ci a makon nan ma shi ya aiko.

Ɗakin ya yi mini girma. Inda keken ɗinkinta yake ya bar sawu huɗu a siminti, ƙusar da take rataye madubi ta tsaya ita kaɗai a bango. Na koyi dafa abincin mutum ɗaya, wanda kullum sai ya yi yawa. Rediyo nake kunnawa don in ji murya, har nakan ba mai labarai amsa. Na yi kewarsu ƙwarai, musamman da yamma, lokacin da yaran maƙwabta ke dawowa daga ɗibar ruwa suna faɗa.

Ana nan sai aka zo aka ɗauki injin mai tari, wai za a kai gyara. Bayan 'yan kwanaki aka ɗauki mai lafiyar ma, wai a duba shi tun bai lalace ba. Ban yi tambaya ba, na koma wanki da hannu. Sai wata safiya Maigida ya shigo da kwat ɗinsa a hannu, mai ruwan toka, wadda yake sawa idan zai je banki. Ya ajiye mini ita tare da makullin shago.

"Zan ɗan yi tafiya in karɓo wasu kuɗi," in ji shi. "Goge mini wannan da kyau. Gobe da safe zan zo in karɓa, in sallame ka gaba ɗaya."

Na goge ta kamar ban taɓa guga ba. Na shimfiɗa ƙyalle mai laima a kai don kada ta yi ƙyalli, na fitar da kafaɗun, na rataye ta a hanga na rufe da leda. Da safe bai zo ba. Wayarsa a kashe. Na je gidansa na tarar da wasu baƙi suna shigar da katifa.

Amma na ci gaba da buɗe shago, don kada a ce na bar aiki da ƙafata. Ashe Maigida ya karɓi kuɗin wankin wata gaba ɗaya a hannun mutane, tare da alkawarin rangwame. Su kuwa ni suka sani, ni suke gani. Matar mai kantin magani ta kira ni macuci a gaban 'ya'yanta. Malamin da ba ya gaisuwa, ranar ya yi magana har ta kwana biyu. Na tsaya a bayan kanta, wurin da ban taɓa tsayawa ba, ina ba da haƙuri a kan kuɗin da ko warinsu ban ji ba.

Dogo ne ya ja ni zuwa ofishin da ake kai ƙarar masu hana ma'aikata hakki. Benci cike, ga mai gadi, ga mai dafa abinci, ga direba, kowa da nasa Gobe-da-safe ɗin. Da layi ya zo kaina, ma'aikacin ya saurare ni da kyau, ba zan yi masa ƙarya ba. Sannan ya ce, "To yanzu yana ina?" Na ce ai abin da ya kawo ni ke nan. Ya ce in na gano inda yake in dawo, su za su kira shi. Dogo ya yi tsaki ya tafi wurin sabon aikinsa, ni na koma shago.

Mai ginin shagon ne ya kawo ƙarshen abin. Shi ma yana bin kuɗin haya. Ya zo da sabon kwaɗo, ya ce in kwashe kayan mutane kafin la'asar. Na ɗaure su a zanin gado, na bi gida gida ina duba zare ina miƙawa. Wasu sun yi godiya, wasu sun ƙirga kayansu a gabana. Da na gama, abin da ya rage a hannuna kwat ɗin ce kawai.

Na kai ta ɗaki na rataye a ƙusar madubi. Ban so yadda ta tsaya ba, kafaɗu a buɗe kamar mutum ya juya mini baya. Duk da haka da ita nake hira. In na zuba abinci in ce, "Bismillah, Maigida, ko sai gobe da safe?" Wata rana na zage ta tas, zagin da ban iya yi wa mai ita ba, har maƙwabciya ta leƙo ta tambaya ko baƙo na yi. A waya kuwa ban faɗa wa mai ɗakina komai ba. Kullum ta tambaya sai in ce ana nan ana magana.

Da kewa ta ci ƙarfina, na yanke shawarar zuwa in roƙi Yaya ya ba ni iyalina, in nemi wani aikin muna tare. Na duba rigunana, duk wuyansu ya cinye, ɗaya ma da tabon dutsen guga a ciki. Na ce mutumin da zai je roƙo bai kamata ya je kamar abin tausayi ba, Yaya ba ya ganin girman tsumma. Idona ya faɗa kan kwat ɗin. Na sa ta a kan 'yar shara, ta zauna mini kamar don ni aka ɗinka.

Yaya na zaune a ƙofar gida da na iso. Ya dube ni daga sama har ƙasa, ya faɗaɗa fuska, abin da bai taɓa yi mini ba.

"A'a! Lallai an biya. Shigo, shigo."

Kafin in buɗe baki ya ƙwala wa ƙanwarsa kira. Yaran suka fito da gudu suka rungume ni, ƙaramar tana shinshina hannun kwat ɗin tana cewa Baba yana ƙamshi. Mai ɗakina ta fito tana goge hannu a zani. Ta rame kaɗan. Ta gaishe ni, ta dubi kwat ɗin, murmushi ya fara zuwa mata. Ta zagayo ta bayana kamar yadda ta saba, na ji yatsunta masu sanyi a wuyana.

Ta juya wuyan. Ta daɗe tana dubawa, ta bi ɗinkin da yatsa daga wannan gefe zuwa wancan. Sannan ta dawo gabana, murmushin ya tafi.

"Babu zare," ta ce a hankali. "Taka ce ke nan. Baban yara, an biya ka, ka fara da sayen kwat? Mu muna nan muna cin na mutane?"

Yaya ya gyara zama yana jira. Na ga hanya biyu a gabana, kuma duka ba su da daɗi. In na yi shiru, ni ne mijin da ya sami kuɗi ya sa a jikinsa, amma za ta ci gaba da zaton akwai saura. In na yi magana, ta san babu komai, kuma babu abin da ke zuwa. Wallahi na so in yi shiru, don ko fushinta ya fi mini sauƙi a kan abin da zan gani a fuskarta.

Na ce, "Ta Maigida ce. Ya gudu. An rufe shagon. Ita kaɗai ya bari."

Yaya ya tashi ya shige ciki, ya kira yaran suka bi shi. Mai ɗakina ta tsaya tana kallon maɓallan kwat ɗin ɗaya bayan ɗaya.

"Duk watannin nan?" ta ce.

"Duka."

Ta sa hannu ta gyara wuyan da ta juya, ta shafa shi ya kwanta. Idonta ya cika amma ba ta bari ya zubo ba.

"Cire ta," ta ce. "Kana gumi a ciki. In ta yi tabo 'yan gwanjo ba za su saya da daraja ba."

Na cire na ninke ta yadda ake ninke kayan mutane, hannu a ciki, wuya a sama. Ta shiga ta kawo mini leda. Daga cikin gida Yaya ya kira sunanta, ta amsa, ta ce mini in gaida gida, sai kuma ta tuna ba kowa a gidan, ta juya ta koma ciki.

Na kama hanya da 'yar shara a jikina, kwat ɗin cikin leda a kan hannuna. A tashar mota wani mutum ya dube ni ya tambaya ko ina karɓar guga, yana da kaya. Na ce masa ina karɓa.